Kwaɗon da na ƙera da hannuna

Aikin farko da aka damƙa mini a Birnin Kebbi shi ne manhajar wata ƙungiyar manoman shinkafa, wadda za ta riƙa ajiye lissafin bashin taki da lambobin asusun mambobi. Da aka ce a ɓoye bayanan, sai ƙuruciya ta ɗebe ni, na ce ai ni ma zan ƙirƙiro tawa dabarar. Kwana uku ina juya haruffa ina cusa lambobi. Na kai wa babbanmu a ofis da hantsi ina ta washe baki. Kafin kiran la'asar ya miƙo mini takarda ɗauke da sunayen manoma goma da abin da ake bin kowannensu.

"Ƙanena," in ji shi, "kwaɗon da maƙerinsa kaɗai ya gwada, ba kwaɗo ba ne. Je ka ɗauko wanda ɓarayin duniya suka yi ta daka suka gaji."

A ranar na fara buɗe OpenSSL, wato laburaren kod na dabarun ɓoye bayanai da masu manhaja ke ɗauka su yi amfani da shi, da idon basira. Irin wannan laburare, shi da su Libgcrypt, kamar rumfar mai kayan gini ne, kome akwai. Akwai AES, wanda mabuɗi ɗaya ke kullewa ya buɗe. Wasu masana biyu 'yan Beljiyam ne suka tsara shi, Amurka ta amince da shi a 2001 bayan gasar da aka yi a bainar jama'a. Akwai masu mabuɗi biyu irin su RSA na 1977, ɗaya ka raba wa kowa, ɗaya ka ɓoye, da su ake sa hannu a kan saƙo. Ga SHA-256 mai fitar wa kowane fayil zanen yatsansa, ga kuma injin fitar da lambobin da ba a iya hasashensu, wanda na raina a farko, alhali daga gare shi mabuɗai ke fitowa.

Sai dai mai rumfa ba ya hana ka sayen abin da zai cuce ka. Na ɗauki AES, amma na haɗa shi da salon ECB don shi ne ba ya tambayar kome. Shi kuwa yana yanka bayani gunduwa-gunduwa, bayit 16 kowace, kuma gunduwa biyu masu kama ɗaya kullum kama ɗaya suke fitowa. To manoma da yawa bashinsu ɗaya ne, buhu biyu-biyu. Babban namu bai ko nemi mabuɗi ba, ido kawai ya sa ya nuna mini layukan da suka yi tagwaye. Wannan kunyar ta fi ta farko zafi, domin a wannan karon na ɗauka na yi abin manya. Muka koma salon GCM, mai ɓoyewa ya kuma tona asirin duk wanda ya taɓa bayanin, da sharaɗin kada a maimaita lambar farawa, wato lambar da ake haɗawa da mabuɗi a kowace ɓoyewa, da mabuɗi ɗaya.

MD5 ma, tsohon mai fitar da zanen yatsa irin na SHA-256, yana nan zaune a rumfar, ko da yake tun 2004 masu bincike a Sin suka nuna raunin sa. An bar shi ne saboda tsofaffin manhajoji. Kalmomin sirri kuwa Argon2 muka ba su, dabarar da aka tsara musamman don adana su ta yadda zai yi wuya a gano su.

Ni dai a yanzu, in aiki ƙarami ne, laburaren libsodium nake ɗauka, don zaɓinsa kaɗan ne, ƙofar kuskure ba ta da faɗi. Kuma ba na ƙyuyar sabunta laburare, tunda na karanta labarin Heartbleed na Afrilun 2014, kuskuren OpenSSL da ya bar baƙo ya yagi har kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwar sabar a kowace tambaya.

Da muka zo miƙa aikin, babbanmu ya sake leƙa kod ɗin, ya yi shiru, ya ce, "To, ina ka ajiye mabuɗin?" Yana nan a layi na tara, a rubuce ɓaro-ɓaro.