Ranar da na juya wayar batir

Ina shekara ta biyu a garejin gyaran lantarkin mota na tafka kuskuren da har yau, in na ɗauki wayar jan batir, sai gabana ya ɗan faɗi. Magariba ta kawo jiki, Oga ya tafi alwala, sai ga wani Alhaji a ƙafa yana share gumi. Ya bar fitilar Corolla ɗinsa a kunne tun azahar, batir ya kwanta.

"Yaro, zo ka ja mini wuta, aikin minti biyu ne."

"To, Alhaji."

Na suri wayoyinmu biyu, duka baƙaƙe, don ja ɗin ta daɗe da tsinkewa. Muka roƙi wani mai tasi ya matso da tasa. Na san inda kan fositif, mai alamar +, yake zama a irin wannan mota, ban ko duba ba. Ashe an taɓa canza batirin da wani mai kawuna a juye, aka ja wayoyi aka yi musu dabara, ƙura da farin gishirin nan kuma sun rufe alamar. Ina ɗora waya sai tartsatsi, fat! Warin ƙonanniyar roba ya tashi. Babban fiyus ya tafi, diyod ɗin altanato, na'urar da ke yi wa batir caji, suka ƙone. Allah Ya taimake ni ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta tsira, da kuɗin da ban taɓa riƙewa ba za a ce in biya.

Oga bai zage ni ba, shi ne ma abin da ya fi yi mini ciwo. Washegari ya ajiye batir a gabana ya ce in rufe ido in shafa kawunan biyu. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya kauri. "Mai kaurin shi ne fositif. Ko a duhu yatsanka zai gaya maka, in ka tsaya ka tambaye shi."

Daga nan ya shiga nuna mini abin da a da nake ɗauka iyayi ne. Jar waya kan fositif na mataccen batir, ɗaya bakin kan fositif na mai rai. Baƙa kan negetif na mai rai. Bakin ƙarshe kuwa ba a kai shi kan mataccen batirin, sai jikin ƙarfen injin motar da batirinta ya mutu, nesa kaɗan, wurin da babu fenti. In an gama a cire daga ƙarshe zuwa farko. Dalilin shi ne batir na fitar da iskar haidirojin mai saurin kama wuta, musamman lokacin da yake shan caji, kuma haɗin ƙarshe shi ke yin tartsatsi. Su biyun suka gamu a kan batir, yana iya fashewa, abin da ke cikinsa kuma asid ne mai cin fata da ido. Shi ya sa batirin da ya kumbura ko ya tsage ko yake yoyo ba na ja masa wuta, ko mai motar zai yi fushi. Mai sigari a baki kuma sai ya ja baya.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi wannan yi mana ɓarna a kan titi: a ciro batir mai kyau a tayar da mota, inji na aiki a zare shi a mayar da mataccen. Oga da kansa ya ce haka suka yi ta yi a zamanin Peugeot 504, ba abin da ya faru, domin babu kwamfuta a cikinta. Motar yanzu ba ta yafe wannan. Altanato yana ba da wajen bolt 14, batir ne ke shanye hawa da saukar wutar. Ka zare shi, wuta ta yi tsalle ta wuce kima, ta faɗa kan ƙwaƙwalwa da duk wani abu mai allo. Wani lokacin ma ba a ranar ake gani ba, sai bayan mako mota ta fara wasu halaye, a yi ta zargin mai.

Haka masu neman taimakon tirela ko tifa. Yawancin manyan motocin nan bolt 24 ne, batir biyu a jere, ƙaramar mota kuwa 12, don haka wutarsu ta fi ƙarfinta. Masu haɗa kawunan batir da sifana biyu maimakon waya su ma na daina yi musu dariya tun da na ga sifana ta yi ja a hannun wani. Zobe ko agogon ƙarfe ma haka zai yi.

Mutane kan manta cewa mai taimako shi ma yana cikin haɗari. Mai tasin nan ya tsaya ne saboda Allah, kuma da fiyus ɗinsa ko altanatonsa ya tafi, abincin iyalinsa na kwanaki ne na ƙona. Ban san sunansa ba, ya ja motarsa ya tafi yana salati.

Kuɗin gyaran, Oga ya biya rabi, ni na biya rabi daga ɗan abin da nake samu na wata uku. Da na gama biya na je kasuwa na sayo wayoyi masu kauri, ja da baƙa, da ƙaramar tocila. Suna cikin jakata. Jiya wani sabon yaronmu ya suri waya zai ruga, na kira shi na ce ya rufe ido ya miƙo hannu.