Aikin Gayya a Bakin Kogin Clyde

Karo na farko da na halarci taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya, a wani otal da ke arewacin Ingila, na shiga ne da tunanin wanda ya biya kuɗinsa yana jiran a yi masa hidima. Layin karɓar katin shaida ya yi tsawo har ya fita ƙofa, ana yayyafi, ga ni da jaka a kafaɗa bayan tafiyar sa'o'i uku a jirgin ƙasa. Da na iso gaban teburi sai na gaya wa dattijuwar da ke zaune cewa ya kamata masu wannan taro su ƙara ma'aikata. Ba ta nuna ɓacin rai ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ai ba su da ma'aikaci ko ɗaya, ita ma kuɗinta ta biya kamar yadda na biya, sannan ta jawo kujerar da ke gefenta, ta turo mini akwatin katunan mutanen da sunayensu suka fara daga harafin M zuwa R. Kunya ce ta zaunar da ni, na kuwa yi sa'a biyu ina miƙa wa mutane katunansu kafin in leƙa zauren da na zo dominsa.

Abin da dattijuwar nan ta faɗa shi ne ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya. Akwai manyan bukukuwa da kamfanoni ke shiryawa, inda ake sayar da tikiti, a ɗauko 'yan fim a biya su, mutum kuma ya sake biyan kuɗi kafin ya ɗauki hoto da su. Tarukan da nake magana a kansu daban suke, domin a wurinsu ba a sayen tikiti, zama mamba ake yi, kuma mamba yana da ƙuri'a, yana da bakin magana, aikin taron kuma a wuyansa yake. Marubucin da littafinsa ya zagaya duniya, idan dai ba ya cikin 'yan ƙalilan da aka gayyata a matsayin manyan baƙi, shi ma da aljihunsa yake zuwa, ya hau mumbari ya yi magana, ya sauko ya bi layin shayi da kowa.

Uban waɗannan taruka shi ne wanda ake kira Worldcon. An fara shi a birnin New York a watan Yuli na 1939 da mutane kimanin 200, aka dakatar da shi daga 1942 zuwa 1945 saboda yaƙin duniya na biyu, tun daga 1946 kuwa bai sake tsallake shekara ba, har da 2020 da annobar korona ta tilasta wa mutanen New Zealand mayar da nasu kan intanet. Ya fara fita daga nahiyar Amurka ta Arewa a 1957 lokacin da aka kai shi Landan, ya je Heidelberg ta Jamus a 1970, ya isa Yokohama ta Japan a 2007. Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara bin tarihinsa shi ne cewa ƙungiyar da ke riƙe da sunansa, wato World Science Fiction Society, ba ta da shugaba mai albashi ko hukumar da ke shirya taron. Mambobin taron kowace shekara su ne ƙungiyar, sai kundin tsarin mulki da suka gada daga na gabansu.

To wa ke shiryawa? Wasu mutane ne kawai a wani gari za su haɗa kai su ce suna neman a ba su taron shekara kaza. Daga nan sai su shiga yawon neman goyon baya na tsawon shekaru, suna kafa teburi a ƙananan taruka, suna shirya walimar dare a ɗakunan otal, suna bayyana wa jama'a girman zaurukansu da tsadar masauki da nisan filin jirgi. Shekara biyu kafin lokaci ake kaɗa ƙuri'a, kuma mai son jefa ƙuri'ar sai ya biya wani kuɗi, wanda ake miƙa wa garin da ya ci, shi kuma ya zama mamban sabon taron kai tsaye. Da wannan kuɗi kwamitin yake fara tsayawa da ƙafarsa. Haka kuma al'ada ce cewa idan taro ya ƙare da rarar kuɗi, sai a raba wani kaso ga tarukan da ke tafe, babu wanda ke sa riba a aljihu. Glasgow ta ƙasar Scotland ta ci ƙuri'arta ne a Chicago a 2022, ta karɓi taron karo na 82 daga 8 zuwa 12 ga Agustan 2024, a cibiyar taruka ta SEC da ke bakin kogin Clyde, bayan ta taɓa karɓarsa a 1995 da 2005.

A can na yi aikin sa-kai na kwana uku, kuma aikin da aka ba ni shi ne tsaron lokaci a ɗakunan tattaunawa. Mutum zai zauna a kujerar baya riƙe da kwalaye biyu, ɗaya an rubuta saura minti biyar, ɗaya an rubuta a tsaya. Da jin bayanin sai a ɗauka wasa ne, amma duk wanda ya taɓa ɗaga wa farfesa kwali alhali yana tsakiyar bayanin yadda za a yi noma a duniyar Mars, ɗaki cike da mutane suna sauraro, ya san cewa aikin yana buƙatar taurin ido. Idan aka bar shi ya ƙara minti goma, mutane ɗari da ke tsaye a baranda suna jiran zama na gaba za su toshe hanya, mai keken guragu ya rasa ta inda zai bi, mai kula da makirfo ya rasa lokacin sauya batir, jadawalin ɗakin kuma ya karkace har dare. Wata mata da ke riƙe da rediyon oba-oba, wadda na ji an ce malamar makaranta ce a garinsu, ita ke zagayawa tana tambayar ko mun sha ruwa. A tarukan Birtaniya akwai al'adar ba ɗan sa-kai wata 'yar takarda da suke kira groat, sunan wani tsohon kwabo, wadda zai iya sayen abinci da ita a harabar taron. Iyakar ladan ke nan, sai ɗan ƙyallen da ake liƙa wa mutum a ƙasan katin wuyansa.

Tun ina can kalmar gayya take yi mini yawo a kai, domin ban san wata kalma da ta fi ta dacewa ba: kowa ya zo da fartanyarsa, a yi aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba, a ci abinci a watse. Sai dai ita gayya tana da mai gona, wannan kuwa gonar ta kowa ce, kuma a nan ƙarfinta da rauninta suka haɗu. Kyautar Hugo, wadda Worldcon ke bai wa fitattun ayyukan ƙagaggun labaran kimiyya, aka kuma fara bayarwa a 1953 da sunan Hugo Gernsback, mutumin da ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926, mambobi ne ke zaɓen waɗanda za su ci ta, 'yan sa-kai kuma ke ƙirga ƙuri'un. A taron Chengdu na ƙasar Sin a 2023 an cire wasu ayyuka daga takara ba tare da gamsasshen bayani ba, kuma abin bai fito fili ba sai da aka wallafa alƙaluma a farkon 2024. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa da masu ƙirgar Glasgow suka gano ƙuri'u 377 na bogi, masu ɗauke da sunayen ƙarya, sai suka soke su, suka kuma fito suka sanar da duniya tun kafin daren bayar da kyautar. A ganina wannan sanarwa ta fi duk wani shagalin da aka yi a makon muhimmanci.

Na kuma leƙa zaman da mambobi ke yi da safe don gyaran tsarin mulki, inda kowane mahalarci ke da ikon ɗaga hannu ya yi magana. Zama ne mai gajiyarwa, ana iya kwashe rabin sa'a ana jayayya a kan kalma guda, kuma duk gyaran da aka amince da shi ba ya aiki sai taron shekara mai zuwa ya sake tabbatar da shi. Na fita kafin a tashi, amma na fahimci hikimar jinkirin, tunda yana hana mutanen gari ɗaya su juya dokar yadda suke so a shekarar da taron ya zo hannunsu.

Akwai abin da bai kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. Aikin sa-kai irin wannan ba kyauta yake zuwa wa mai yin sa ba, domin sai mai hutun aiki da kuɗin jirgi da na otal ne ke iya tsayawa ya yi wa mutane hidima kwana biyar. Masu waɗannan taruka su kansu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa tun 1953 suka kafa asusun TAFF, wanda ke ɗaukar nauyin mutum ɗaya ya tsallaka tekun Atilantika ya halarci taron ɗaya ɓangaren. Amma wanda zai taso daga Legas ko Nairobi, bayan kuɗi akwai kuma biza a gabansa. Marubuciya Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci Hugo a 2016, tana kuma cikin manyan baƙin Glasgow, duk da haka ba a taɓa yin Worldcon a nahiyar Afirka ba. Wasu sun yunƙura don kai taron 2028 Kampala, daga baya suka mayar da neman nasu Kigali, kuma duk wanda ya ga yawan hannuwan da ake buƙata ya san cewa samun zaure shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Shi kuwa ƙaramin taron da na fara da shi, ban rabu da shi ba. A shekarar farko na tambayi inda zan yi salla, aka rasa amsa, daga ƙarshe na shimfiɗa rigar sanyina a bayan ɗakin ajiye kaya. Da aka zo zaman jin koke a ranar rufewa na tashi na faɗi haka, shugabar kwamiti ta rubuta, ta ce shawara ce mai kyau, sannan ta tambaye ni ko zan ɗauki nauyin abin a shekara mai zuwa. Haka na tsinci kaina a kwamiti. An samu ɗakin, da tabarma biyu da alamar alƙibla da na manna a bango, amma a shekarar ce kuma aka ba ni tsara jadawali, na sa marubuciya ɗaya a ɗakuna biyu a sa'a guda, ban kuwa lura ba sai da aka buga littafin shirye-shirye aka raba. Dattijuwar teburin rajista ce ta zo da alƙalami mai kauri, muka bi allunan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya muna gyarawa da hannu kafin mutane su fito daga karin kumallo. Bana an ɗauke mini jadawali, an ba ni yarjejeniyar otal, shafi goma sha huɗu, kuma tun makon jiya nake fama da sakin layin da ya ce idan ba mu cika ɗakunan kwanan da muka kama ba, kwamiti ne zai biya ragowar.