Tarihin Garin Mier, Kashi na Huɗu: Gidan Bakin Hanya

Makon jiya mun tsaya a kan waken nan. A Disamba 1842 mayaƙan Texas suka kutsa Mier, wani gari a ƙasar Meziko, Janar Pedro de Ampudia na sojan Meziko ya ci su da yaƙi. Fursunonin suka tsere, aka sake kamo 176, aka zuba wake cikin tulu, fari 159, baƙi 17. Wanda ya zaro baƙi, sai harbi. A Salado aka yi wannan, cikin Maris 1843, amma sunan Mier ne ya bi labarin.

Marigayi Kaka kan ce gidan bakin hanya ba ya zaɓen baƙo. Tun da aka kafa Mier a 1753, a jihar Tamaulipas ta yau, matsalarsa ke nan. Nan titi mai lamba 2, wanda ya bi gaɓar kogin Rio Grande daga Reynosa zuwa Nuevo Laredo, ya haɗu da mai lamba 54 da ya nufi Monterrey. Ƙetaren kogi kuwa Amurka ce. Lokacin da Amurka ta haramta giya, 1920 zuwa 1933, barasa ake ƙetarwa ta wannan yanki. Daga baya wiwi da hodar iblis suka gaje ta.

Ubangidan masu fataucin miyagun ƙwayoyi da ke riƙe da gari yakan zuba yara 'yan leƙen asiri a kowace mashiga, da waya ko rediyon hannu, suna ba da rahoton duk motar da ta gifta. Mai son wuce da kaya sai ya biya kuɗin hanya. Kayan kuma a kan tiyub ko ƙaramin kwalekwalen roba ake tsallakar da su cikin dare. Muddin ubangida ɗaya ne, gari lafiya lau a ido. Har a 2007 gwamnati ta sa Mier cikin garuruwan Pueblos Mágicos don jawo masu yawon buɗe ido.

Ɓarakar daga cikin gida ta fito. Los Zetas tsofaffin sojojin kundumbala ne da Osiel Cárdenas, shugaban ƙungiyar masu fataucin miyagun ƙwayoyi ta Gulf, ya ɗauka su tsare ƙungiyar. Farkon 2010 yaran gida suka juya wa iyayen gidansu baya. A Fabrairun shekarar ayarin motocin a-kori-kura na ƙungiyar Gulf ya shigo Mier, aka far wa ofishin 'yan sanda, aka yi awon gaba da waɗanda aka tarar. Abin da ke ci mini rai shi ne an bar 'yan sandan ƙaramar hukuma, 'yan tsiraru, su tari irin waɗannan 'yan bindiga. Wata tara gari yana hannun baƙin da bai zaɓa ba, in ji Kaka.

Ranar 5 ga Nuwamba 2010 sojojin ruwa suka kashe Antonio Cárdenas, ɗan'uwan Osiel kuma jagora a ƙungiyar Gulf, a Matamoros. Labari ya bazu cewa Zetas na tafe, kusan kowa ya fice. Ɗaruruwa suka kwashi katifu zuwa Miguel Alemán, tafiyar kusan kilomita 15, suka tare a zauren Lions Club.

Barikin soja bai zo ba sai Disamba 2011, da Shugaba Felipe Calderón ya buɗe shi. Shekara guda cur bayan an watse! Waɗanda suka dawo da abin da suka tarar a gidajensu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.