Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Akwatin da Baba Ya Kawo daga Bukuru

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya kama hannuna ya kai ni shagon gyaran rediyo a babbar kasuwar Taminus da ke Jos, ya ce wa mai shagon, "Ga ɗanka nan, amana na ba ka." Yau sai na ɗan koma baya, domin akwai wani akwati da ya riga ni shiga wannan sana'a, kuma in ban ba da labarinsa ba, abin da zai biyo baya ba zai zauna daidai ba.

Baba direban wani injiniya ne, Bature, a kamfanin kuza da ke Bukuru. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a ƙarshen 1985, Turawan da suka rage suka fara haɗa komatsansu. Maigidan Baba ya raba wa ma'aikatansa kayan gida. Kuku ya tashi da firiji, mai gadi ya samu keke da barguna, shi kuwa Baba aka miƙa masa wani akwatin ƙarfe mai nauyin kilo tara, gabansa duk haƙarƙari ne jere kamar haƙoran mataji, da sunan Quad 405 a jikinsa. Ranar da ya shigo da shi gidanmu a Gangare maƙwabta suka taru. Aka juya shi gaba da baya, babu ramin kaset, babu lasifika, babu abin murɗawa, ko maɓallin kunnawa ba a gani ba. Wani ya ce na cajin batirin mota ne. Baba ya dage cewa daga wannan akwati kiɗa ke fitowa a falon Bature, shi da kunnensa ya sha ji daga baranda. Ba wanda ya musa masa, amma kowa ya tafi yana ganin kuku ne ya yi sa'a. Inna ta tura shi ƙarƙashin gado, ya yi shekara goma sha wani abu a can.

To, na shekara biyu a shago na tara ɗan abin da na tara daga gyaran eriya da canza bel ɗin rikoda. Lokacin ana yayin irin saitin nan masu cin kaset biyu da faifan CD, fitilu na rawa a gabansu. Na sayi ɗaya, da ƙatuwar takarda manne a jikinsa mai cewa wat 3000, da haruffan PMPO a ƙasa, wato ƙololuwar ƙarfin da masu talla ke iƙirari. Na kawo shi shago don Maigida, wato mai shagon, ya sa albarka.

Bai ce komai ba. Ya juya bayan saitin, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu kusa da wayar wuta.

"Karanta mini nan."

Na ce, "Wat sittin, Maigida."

"Wannan ita ce wutar da yake sha daga bango. To kai yaro, tulun da aka zuba wa kofi sittin, ta ina zai zubo da kofi dubu uku?"

Ya kwance murfin. Taransifomar da ke ciki ba ta wuce girman sabulun wanka ba. Ya ce lambar da mai hankali ke dubawa ita ce ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa ba yankewa, wanda ake rubuta wa RMS, a kan lasifika mai om takwas (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta), hagu da dama suna aiki tare. Daga baya na karanta cewa tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika, saboda irin wannan zuzutawar. Mu a nan takardar jiki muke saya. Maigida ya mayar da murfin, ya ce, "Ka ji daɗin kayanka, ba haramun ba ne. Amma ba ka taɓa jin amfilifaya ta gaskiya ba tukuna."

Sai na tuna da akwatin ƙarƙashin gado. Washegari na roƙi Baba, na naɗe shi a tsohon zanen Inna, na hau acaɓa da shi a cinya.

Har yau ina ganin fuskar Maigida lokacin da na warware zanen. Ya ajiye ƙarfen dalma, ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa. Ya ce an ƙera shi ne a garin Hantindon da ke Ingila, samfurin ya fito a 1975, kuma kowane gefe yana ba da wat ɗari na gaskiya. Na tambaye shi dalilin da ya sa ba shi da abin murɗawa. Ya ce, "Wannan doki ne ba linzami. Ƙarfi zalla aka sa masa. Linzamin wani ƙaramin akwati ne daban, shi ke zaɓar kaset ko rediyo, shi ke ƙara murya da ragewa, shi ma ke kunna wannan. Baturen babanka ko ya tafi da shi, ko ya ba wani." Dalilin raba su biyu, in ji shi, shi ne a nisanta siririn sauti mai shigowa daga ƙatuwar taransifoma da zafinta, don kada gurnaninta ya shiga ciki.

Ya yi mini bayanin aikin cikinsa da misalin gini. Manyan taransisto su ne 'yan ɗora bulo, suna da ƙarfi amma aikinsu da ɗan kaushi. Akwai kuma wani ƙaramin sashe mai tsabtar aiki, shi ne mai shafe, yana biye da su yana cike duk gibin da suka bari a daidai lokacin da suka bar shi. Peter Walker, wanda ya kafa kamfanin, da abokin aikinsa ne suka fito da wannan dabara. Na shafe shekaru kafin na fahimci zanen da kaina, amma misalin Maigida bai taɓa ɓatar da ni ba.

Bai yarda mun jona shi kai tsaye ba. Ya sa kwan fitila a tsakanin bango da akwatin, ya ce in akwai inda wuta ke haɗewa a ciki, kwan zai yi haske sosai ya shanye wutar kafin wani abu ya ƙone. Kwan ya yi haske ya dushe, alamar lafiya. Amma da muka haɗa lasifika sai ga wani gunji a ƙasa-ƙasa kamar na ƙudan zuma a cikin tulu. Manyan kafasito biyu da ke tace wuta sun bushe, abin da shekaru ke yi wa kowace na'ura, balle wadda ta yi zaman banza. Muka ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Alaba a Legas saƙo. Wata biyu na jira. A cikin jiran na share ƙurar hunturun da ta cushe a haƙarƙarin nan da burushin haƙori, ɗaya bayan ɗaya, domin su ne ke fitar da zafi. Linzami kuwa Maigida ya haɗa mana a cikin gwangwanin madara: abin murɗawa ɗaya da wayoyi. Na'urar CD tana fitar da kusan bolt biyu, akwatin kuma rabin bolt ya ishe shi, don haka ragewa kawai ake bukata.

Ranar Lahadi muka gwada, a gidan Maigida a Dilimi, da wasu tsofaffin lasifikoki na katako da wani ya kawo gyara bai dawo ba. Ya sa su nesa da kusurwa, ya auna da taku, ya ajiye mini kujera a inda tazarata da kowace ta yi daidai da tazarar da ke tsakaninsu. Ya sa faifan kiɗan kalangu.

Ni dai na zaci ƙara za ta doke ni. Abin da na fara ji shi ne shiru. Kafin makaɗi ya fara, babu huci, babu gunji, ɗaki kawai. Sannan kalangu ya shigo, kuma a karon farko na ji abin da kunnena ya sani a dandali amma bai taɓa samu a rediyo ba: yadda makaɗi ke matse igiyoyin a hammata, fatar ta ɗaure, muryar gangar ta hau, ya saki ta sauko. A saitina duk bugu ɗaya ne, dum, dum, mai kumbura ƙirji. A nan kowane bugu da bakinsa, yana farawa tsaf yana ƙarewa tsaf, ba ya jan jela ya rufe na bayansa. 'Yan amshi suna gefen dama, ana iya ƙirga su. Mawaƙin yana tsakiya, a inda babu lasifika, har jan numfashinsa kafin ya ɗauki baiti. Na tashi na leƙa tsakanin akwatunan biyu. Maigida ya bar ni na gama dubawa.

Sannan ya ɗora mitarsa a bakin wayar lasifika ya ce in duba. Allurar da ƙyar take motsi. Duk wannan da muke ji, ko wat biyu bai kai ba. Na ce, "To Maigida, sauran casa'in da takwas ɗin fa?" Ya ce ajiya ce. Lokacin da makaɗi ya sauke bugu mai ƙarfi, na ƙiftawar ido ana bukatar ninkin-ba-ninkin, kuma na'urar da ba ta da ajiya sai ta datse kan sautin. Wannan datsewar ce ke sa kiɗa ya yi tsami a kunne, ita ce kuma ke ƙona ƙananan lasifikoki masu fitar da siririn sauti. Na ga shaidar haka ɗaruruwa a sana'ata. Yawancin waɗanda aka kawo mini a ƙone, ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ce ta kashe su. Wani abin da mutane ba sa yarda sai an nuna musu: in ka ninka wat sau biyu, ƙarin desibel uku kacal za ka samu a ma'aunin ƙara, ɗan motsi ne a kunne. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai ka ninka ƙarfin kusan sau goma.

Zan faɗi ra'ayina a nan, ko da wasu abokan sana'a ba za su so ba. Amfilifaya biyu masu gaskiya, in ba a matsa musu ba, bambancinsu ƙanƙane ne. Lasifika da ɗaki su ne ke canza murya sosai. Na sha ganin mutum ya zuba kuɗi a na'ura mai tsada, ya kai ta falon tayil da gilashi ba labule ba darduma, ya cusa lasifikoki a kusurwa, sannan ya dawo yana cewa kaya ba su da kyau. Darajar akwatin Baba a wurina ita ce ba ya ƙara gishiri ba ya ragewa, kuma duk abin da ke cikinsa ana iya cirewa a sa sabo da ƙarfen dalma. Saitina na wat 3000 bai cika shekara uku ba ya mutu, aka rasa kayan gyaransa a duk Jos.

Da na kai akwatin gida na haɗa shi a ɗakin Baba, bai nemi kiɗa ba. Ya ciro kaset ɗin karatun Alƙur'ani daga aljihun babbar rigarsa. Dare ne na sanyin Disamba, irin wanda ke sa Jasawa kwana da garwashi a kasko. Na rage murya ƙasa sosai saboda yara sun yi barci. Duk da haka kowane harafi ya fito daga mafitarsa, ana jin bambancin sin da sadi, ana jin gunna tana tsayawa a hanci. Baba ya rufe ido, leɓɓansa na bin karatun. Da gefen kaset ya ƙare ya kira Inna, ya ce, "Kin ji ko? Na faɗa muku." Inna ta ce, "Ai kuwa, Malam, ka faɗa."

Ya gaya mini a daren cewa a gidan Bature wutar tashar ruwa ta Kurra ake sha, ta kamfanin NESCO, wadda ba ta ƙiftawa, shi ya sa akwatin ya zo mana da lafiyarsa. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan taɓa jona shi ba sai ta sitabilaiza, kuma in cire shi daga bango duk lokacin da hadari ya haɗo, don tsawar Jos ba ta da wasa.

Labari ya bazu. Wani Alhaji mai gida a Rayfil ya zo har shago, ya saurara, ya taya da kuɗin da zai biya mana hayar shekara. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne, na mahaifina ne." Ya bi ni gida ya gaida Baba, ya ƙara a kan tayinsa. Lokacin muna cikin matsi, ƙanwata na gab da aure, ko gado ba a saya ba. Baba ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Shekara goma sha bakwai na tuƙa mutumin nan, wannan ne abin da ya rage a hannuna. Kuma yaron nan da shi yake koyon ji." Alhaji bai ji haushi ba, har ya ba da gudummawar biki. Gadon kuwa, ni da Maigida muka yi wata uku muna gyaran amfilifayoyin masallatai har dare kafin muka haɗa kuɗinsa.

Bayan bikin Baba da kansa ya ce in riƙa kai akwatin shago, tunda Maigida na son gwada lasifikokin mutane da shi. Haka ya koma kwana a kasuwa, a kan kanta ta sama, lulluɓe da zanen nan na Inna. Yana can har shekarar 2002 ta kama, kuma duk Bajashe ya san abin da ya sami kasuwar Taminus a watan Fabrairun wannan shekara. Inda nake a daren, da wanda ya buga mana ƙofa kafin asuba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.