Laraba: na kai ɗalibaina dajin Bama

Ajin farko yau nawa ne, 'yan shekara ta biyu a fannin jinya, kuma darasin a kan yadda ake tsara aiki ne idan majiyyata suka yi wa ma'aikata yawa. Ban buɗe manhaja ba. Na tambaye su ko sun san cewa Barikin Dalet da ke Kawo da Barikin Kalapanzin, a Kaduna, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), inda kakanninmu suka gwabza da sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Ba wanda ya sani. Daga nan na ja su zuwa abin da ya kawo ni.

Da Janar William Slim ya karɓi ragamar Runduna ta 14 ta Birtaniya da ke yaƙin Bama a 1943, ba harsashi ne ke cinye masa sojoji ba. A shekarar, duk mutum 1 da aka kwashe daga fagen daga saboda rauni, an kwashe kusan 120 saboda ciwo: zazzaɓin cizon sauro, atini, gyambo da sauransu. Na rubuta 120 ɗin a allo da manyan baƙi, na bar su suna kallo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar da aka bi aka gyara. Da can, soja in zazzaɓi ya kwantar da shi sai a ɗauke shi a mota, a sa shi a jirgin ƙasa, har can cikin Indiya, ya yi wata biyar bai dawo bakin aiki ba. Sai aka kafa asibitocin tanti na masu zazzaɓi kusa da bakin daga. Mutum ya kwanta yau, gobe yana kan gado ana ba shi magani, cikin mako uku ya koma cikin 'yan uwansa. Ga kuma ƙwayar mepacrine ta rigakafi, wadda sojoji suka tsana don tana sa fata ta yi rawaya, ga jita-jitar wai tana kashe mazakuta. Slim bai bar wa likitoci wannan aiki su kaɗai ba, ya ɗora shi a wuyan kwamandoji. Akan zo ba sanarwa a gwada bataliya, in aka tarar ba a shan maganin yadda ya kamata, kwamandan ne zai rasa kujerarsa. Uku ya sallama, sauran suka shiga taitayinsu.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ai horon soja ne, ina ruwansa da jinya?" Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Na ce masa maganin na nan tun kafin Slim ya zo, likitocin ma suna nan. Abin da babu shi ne wanda za a riƙe idan ba a sha ba, da kuma gadon da ke kusa da mara lafiya. Mun ɗauki sauran lokacin muna zana hanyar da mai rauni ke bi: daga inda ya faɗi zuwa wurin ɗaurin farko na bataliya, zuwa tashar da ake tantance wa za a fara dubawa, sannan asibitin da ake fiɗa.

Bayan la'asar na biya gidan Goggo in gaishe ta, na ba ta labarin ajin. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka je Bama, amma ba bindiga ya riƙe ba, ɗan dako ne na soja. Ta ce, "Ɗan nan, Baba bai cika maganar yaƙin ba, sai dai in damina ta yi ƙarfi ya riƙa shafa kafaɗarsa." Ta nuna mini da hannunta daidai inda sandar makara ta bar masa kanta, baƙi ƙirin, har ya koma ga Allah bai ɓace ba.

Zancenta ya yi daidai da abin da na karanta. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da ta shiga kwarin kogin Kaladan da ke Bama a 1944 ta sama ake jefo mata abinci da magani, don ba hanyar mota ta kirki. Irin su kakan nan nawa ne ke ɗaukar kaya a ka, su ɗauko masu rauni a makara ta cikin duwatsu da laka, su sa adda su share daji a yi ɗan fili inda ƙaramin jirgi zai sauka ya kwashi mutum zuwa asibiti. Likita komai gwanintarsa sai an kawo masa mutum da ransa, kuma su ne masu kawowar. Ya dame ni matuƙa da na tuna ko sau ɗaya ban ambace su a aji ba.

Na yi isha'i, na gyara darasin Juma'a. Zan raba ɗaliban gida huɗu, kowane rukuni da makara da mutum a kai, su zagaya filin makaranta kafin mu taɓa maganar tantance majiyyata.