Asabar Bakwai a Linkon: Tukubata da Jama'ar Jajayen Kaya

Kafin in kira mutumin da nake sayen nama a wurinsa, abu ɗaya nake fara dubawa: ƙarfe nawa za a take wasa ranar Asabar. In ƙarfe sha ɗaya na safe ne, na san cinikina ya ragu tun ba a hura wuta ba, don babu mai neman tsire da takwas na safe, kuma in an tashi wasa da rana tsaka kowa hanyar gida yake nema. In kuwa wasan dare ne, to mutane za su wuni a bakin motocinsu tun hantsi, sai in ninka odar nama. Gidajen talabijin ne ke yanke lokacin, galibi saura kwana 12, wani sa'in ma sai saura kwana 6. Mai sana'a irin tawa ba shi da ta cewa, nasa jira ne.

Ina gasa tsire a Linkon, babban birnin jihar Nebraska a tsakiyar Amurka. Gidanmu gidan fawa ne, a gaban tukuba na yi wayo, don haka da zama ya kawo ni nan na yi shekaru ina aikin masana'antar nama, na tara abin da na tara, na sayi ƙaramar motar sayar da abinci a 2017. Nebraska ƙasar shanu ce da masara, shanun jihar sun fi mutanenta yawa nesa ba kusa ba, kuma naman nan ba ya bukatar a yabe shi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne cewa shekarata gaba ɗaya za ta rataya a kan ranakun Asabar bakwai, wato wasannin da ƙungiyar jami'ar jihar take bugawa a gida daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba.

Wasan ƙwallon Amurka ne, mai kama da zari-ruga, wanda ake sa hular kwano da sulke a kafaɗa. 'Yan wasan ɗalibai ne. Sunan ƙungiyar Cornhuskers, ma'anarsa masu ɓare masara, kuma launinsu ja ne. Jihar ba ta da ƙungiyar ƙwararru a babbar gasar ƙasa, don haka manomi daga iyakar yamma da ma'aikacin banki daga Omaha duk wannan ƙungiya ɗaya ce tasu. Filin wasansu, Memorial, an buɗe shi a 1923, yana ɗaukar mutum dubu tamanin da 'yan kai. Mutanen nan suna alfahari da cewa ranar wasa filin kaɗai shi ne gari na uku a yawan jama'a a jihar, bayan Omaha da Linkon, kuma gaskiya ne.

Babban abin tinƙahonsu shi ne tikiti. Tun ranar 3 ga Nuwamba 1962, a shekarar farko ta koci Bob Devaney, ba a sake buɗe ƙofar filin ga jama'a a wasan gida ba tare da tikiti ya ƙare ƙaf ba. A waccan ranar ta farko ƙungiyar jami'ar Missouri ce ma ta cinye su. Babu wata jami'a a Amurka da ta kama ƙafarsu a wannan. Devaney ya ci kofin ƙasa a 1970 da 1971, magajinsa Tom Osborne ya ci a 1994 da 1995 da 1997. Ni duk wannan a bakin masu saye na ji shi, don tun da na kunna wutata ban ga irin wancan zamani ba. Daga 2017 zuwa 2023, shekara bakwai a jere, rashin nasararsu ya fi nasararsu yawa. Wato na shiga kasuwar ne daidai lokacin da rana ta juya musu baya, amma kuma jama'a ba su daina zuwa ba. A kan wannan zuwan nasu nake ciyar da iyalina.

Aikin yana farawa ne tun Alhamis. Naman halal nake ɗauka, tsokar cinya, kuma ni da hannuna nake yanka shi fale-fale, don injin yankan nan yana fitar da shi da kaurin da bai dace da tsinke ba. Uwargida ce ke haɗa yaji: ƙuli-ƙulin da muke yi da kanmu, citta, barkono, kanumfari, masoro, gishiri. Kala biyu muke yi, ɗaya mai zafi irin na gida, ɗaya kuma an sassauta barkonon. Daren Juma'a mu soke a tsinke, mu jera a firji. Hukumar lafiya ta gari ba ta wasa da sanyin nama, akwai ma'aunin da ba a yarda ya wuce ba, kuma suna iya zuwa dubawa ba sallama. Da farko na ɗauke shi takura, yanzu kuwa har a gida haka nake yi. Tukubar toka irin tamu ba ta yiwuwa a cikin mota, sai na sa maƙeri ya haɗa mini doguwar ma'auna ta ƙarfe mai ɗaukar gawayi, amma har yau tukuba nake ce mata.

Ba a cikin filin nake sayarwa ba. Can akwai masu kwangilarsu, da abincin da mutanen jihar suka saba da shi, irin burodin Runza mai cushe da niƙaƙƙen nama da kabeji. Ni wurin ajiye mota nake haya a hannun wani mai fili, tafiyar minti goma sha a ƙafa, kuma kuɗin hayar wuni ɗaya ranar wasa ya fi na sati guda a sauran ranaku. Al'adarsu ita ce su iso da sassafe da a-kori-kura, su sauke ƙyauren baya, su kafa rumfa da kujeru da talabijin, su ci su sha har lokacin shiga. Rabin cinikina oda ce ta irin waɗannan iyalai, faranti-faranti da albasa da tumatir. Giya tana yawo a wurin sosai, ni ba na sayarwa, kuma ban taɓa samun wanda ya matsa mini a kai ba. Shayi mai citta nake dafawa, wanda a watan Nuwamba, in iskar nan mai yankan kunne ta taso, yakan riga naman ƙarewa.

Akwai ranar da har yanzu in na tuna ta gabana ke faɗuwa. A shekarata ta farko wata mata ta sayi tsinke uku, ta miƙa wa ɗanta ɗaya, yaron bai fi shekara shida ba. Ya kai baki ke nan ta juyo ta tambaye ni mene ne wannan garin da ke jikin naman. Na ce gyaɗa ce. Ta fizge tsinken daga hannunsa da ƙarfi har ya fashe da kuka. Ashe jikin yaron ba ya ɗaukar gyaɗa, ɗan kaɗan na iya toshe masa numfashi. Allah ya tsare bai ci ba. Laifina ne, don ban rubuta ba, a gida ban taɓa jin an tambayi mai tsire wannan ba. A daren na sa aka buga mini allo da manyan haruffa, kuma ɗan yayata da ke karɓar kuɗi ba ya miƙa wa kowa nama sai ya faɗa masa da baki cewa akwai gyaɗa a ciki.

Akwai wani dattijo manomi da ke zuwa daga yammacin jihar, tafiyar awa huɗu a mota, shi da matarsa da jikoki. Baba nake ce masa, na fassara masa ma'anar, ya karɓa. Kujerunsu a filin tun na mahaifinsa ne, kowace shekara yana sabuntawa, har da gudummawar da jami'a ke ɗorawa a kan kujeru masu kyau. A 2021 ƙungiyar ta ci wasa 3 ta sha kashi 9, kuma a duk taran nan babu inda tazarar ta kai maki goma. Irin rashin da ke cin rai ke nan, kullum kamar za a ci sai a faɗi a ƙarshe. Bayan ɗaya daga cikinsu ya zo ya tsaya a bakin wuta yana ɗumama hannu, bai ce komai ba. Na ce, Baba, mako mai zuwa sai ka huta a gida ka kalla a talabijin mana. Ya dube ni ya ce yaran da ke cikin filin sa'o'in jikansa ne, in sun ɗaga kai suka ga kujera babu kowa me za su ɗauka? Ya biya odar wasa na gaba tun a ranar.

Ba zan ɓoye ba, lissafin jami'a da nawa sun sha bamban. Su tikitin da aka sayar suke ƙirgawa, ni kuma bakin da ya zo. A shekarun nan na wahala akwai ranakun da aka ce tikiti ya ƙare, amma na koma gida da ragowar nama, don wasu sun biya sun zauna a ɗaki. A farkon kakar 2021, gab da wasa da jami'ar Fordham, tikiti ya yi kwantai har sai da wasu masu hannu da shuni suka saye ragowar aka raba wa yara marasa hali. Wasu sun ce ai wannan rufa-rufa ce don kada tarihi ya yanke. Na fahimce su. Amma ni na ga yaran da idona a ranar, cikinsu har da 'ya'yan 'yan gudun hijira na unguwarmu, don Linkon gari ne da ya karɓi mutanen Sudan da Iraƙi da Biyetnam da yawa. Yaran da suka taso suna jin ihun filin daga nesa ba su taɓa shiga ba, ran nan suka shiga. A ganina kuɗin bai tafi a banza ba.

Shekarar da ta kusa karya ni ita ce 2020. Annoba ta sa aka buga wasanni ba 'yan kallo, wurin ajiye motoci ya zama fayau. Na riga na biya inshora da lasisi, ga bashin mota. Abin da ya cece ni tsofaffin masu odata ne, suka riƙa kira in kai musu faranti gida su ci a gaban talabijin. Wasu sun san ba su bukatar yawan abin da suke saya. Ban manta da su ba, kuma har yau in layi ya yi tsawo nasu nake fara naɗewa.

A Satumba 2022 Georgia Southern, ƙaramar makaranta a idonsu, ta zo har gida ta ci su 45 da 42, washegari aka sallami koci Scott Frost, wanda ɗan jihar ne kuma yana ɗan wasa shi ya jagoranci 'yan wasan da suka ci kofin 1997 a cikin fili. A daren wasan na ga manyan mutane suna tafiya shiru kamar masu dawowa daga maƙabarta. Duk da haka akwai ɗabi'ar da ba su bari ba, wadda ta sa nake ganin girmansu: in an tashi wasa, waɗanda ke zaune kusa da ƙofar fitar baƙi sukan tafa wa ƙungiyar da ta zo, ko ita ce ta ci. Ban da haka baƙi da ke zuwa da rigar wata makaranta sukan tsaya a layina a tsakiyar jajayen kaya ba mai tsangwamarsu, wani ma ya biya musu.

Ranar da na fi ganin jama'a kuwa ba ta wannan wasa ba ce. Ranar Laraba 30 ga Agusta 2023 aka kafa dandalin ƙwallon raga na mata a tsakiyar filin, mutum 92,003 suka shiga, adadin da ya zama tarihi a duniya a wasannin mata. Na yi odar nama kamar ta Asabar mai kyau, kafin la'asar ko tsinke ɗaya bai rage ba.

An ɗauko koci Matt Rhule ya karɓi ƙungiyar, abubuwa suka fara motsi a 2024. Daren da suka doke Colorado 28 da 10 shi ne cinikin ƙwallo mafi girma da na taɓa yi. Makonni biyu bayan haka aka cika wasa na 400 a jere da tikiti ya ƙare, da Illinois, a daren Juma'a. Wannan ya rikita mini tsari, na yi yanka tun Laraba, na sauko daga masallaci kai tsaye na wuce hura gawayi, kuma Illinois ta ci su a ƙarin lokaci. Wasan Juma'a yana wahalar da irin su Baba da ke nesa, kuma kaka ce, masara da waken suya na jiran girbi. Masu tsara lokaci saboda talabijin ya kamata su riƙa tuna cewa mutanen da suka cika kujerun nan shekara sittin ba a bayan filin suke kwana ba.

Ranar 23 ga Nuwamba 2024 suka ci Wisconsin 44 da 25, nasara ta shida a kakar, wadda ta ba su damar buga wasan ƙarshen shekara karo na farko tun 2016. Daga inda nake na ji ƙarar ta canza, ɗan yayata ya duba waya ya ce, Kawu, ɗalibai sun dira cikin fili. Na riga na fara kashe wuta, sai na ƙara gawayi. Can da duhu Baba ya iso, murya ta dishe, jikarsa tana riƙe da hannunsa. Tsinke goma sha ɗaya suka rage mini, na naɗe masa duka da sauran shayin a gora, ya ciro kuɗi na ce ya bari. Ya tambaye ni ko ina nan baɗi a wuri ɗaya, na ce in Allah ya kai mu. Ya ce to in rubuta faranti biyu na wasan farko, ɗaya mai zafin, don jikansa babba ya fara iya cin irin namu.