Ciwon damuwa bayan tiyatar rage ƙiba, kamar yadda na gani a Ingila

Da ƙiba da ciwon suga na iso Ingila, sai kaɗaici ya ɗora mini ciwon damuwa a kansu. A ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba, inda maƙwabci ba ya ƙwanƙwasa ƙofa sai da dalili, abinci ne ya zama abokin hirata. Hukumar lafiya ta NHS takan yi tiyatar rage ƙiba ga wanda ma'aunin ƙibarsa na BMI ya kai 40, ko 35 idan akwai wata cuta irin tawa, kuma ta wannan hanya aka mayar da tumbina ɗan ƙaramin aljihu, aka haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji.

Shekarar farko ta zo da sauƙi na gaske. Nauyi ya ragu, suga ya daidaita, na daina jin kunyar shiga motar haya, har na fara gaisawa da abokan aiki da fara'a. Wani bincike mai suna LABS da aka gudanar a Amurka kan waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ya nuna haka: damuwa takan ragu sosai a watannin farko, sannan wani ɓangarenta ya riƙa dawowa sannu a hankali.

Tawa ta dawo a hunturu na biyu, lokacin da nauyin ya tsaya kuma yabon mutane ya ƙare. Kewar gida tana nan yadda take, amma abin da nake danne ta da shi ya tafi, domin loma kaɗan ke cika ni. Wannan ne, a ganina, ya kamata a faɗa wa kowane baƙo tun kafin a kai shi ɗakin tiyata, musamman wanda ba shi da dangi a kusa.

Likitata ta bayyana mini cewa hanjin da aka sauya ba ya tsotsar maganin damuwa kamar da, kuma ƙarancin bitamin B12 da sinadarin ƙarfe yana kawo kasala mai kama da damuwar. Ta gwada jinina, ta gyara adadin maganin, ta tura ni wurin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Yanzu ina cikin ƙungiyar waɗanda aka yi wa irin wannan aiki, kuma a nan ne na sami abokaina na farko 'yan ƙasar.